Yadda Ake Cin Abinci a Zaurukan Abinci da Ƙananan Gidajen Abinci na Makka da Madina

Maniyyaci yakan yi makonni yana zuwa bita, a koya masa ɗaura ihrami da dawafi da sa'ayi da jifa, amma da wuya malamin bita ya tsaya a kan yadda mutum zai yi da cikinsa. Ga shi kuwa alhajin da ya bi jirgin hukuma yakan yi wata guda ko fiye a can. Abincin da ake kawowa masauki yana rage wahala ƙwarai, sai dai galibi na safe ne da na dare, kuma wanda ya tafi Harami tun Azahar da niyyar zama har Isha'i dole ya nemi abin da zai riƙe shi a tsakani. Mai Umara da ya biya kuɗin ɗaki kawai, shi kam duk cinsa a waje yake.

Yawancin wahalar da mutanenmu ke sha a kan abinci a biranen nan biyu daga abu biyu take tasowa: an fita nema a lokacin da kowa ya fita, kuma an tsaya a wurin da kowa ya tsaya. In ka gyara waɗannan za ka ci mai zafi, guzurinka ya kai ka ranar komawa, kuma layin abinci ba zai raba ka da sahu ba.

Fara da lissafi tun kana gida

Kuɗin Saudiyya riyal ne, halala 100 ke cikinsa, kuma an daɗe da ɗaure shi da dalar Amurka a kan riyal 3.75. Guzurin da aka ƙayyade wa alhajin Najeriya a 2024 dala 500 ne, wato riyal 1,875. In ka raba shi kwana 30 zai tashi riyal 62 da ɗoriya a yini, a ciki kuma kuɗin mota da katin waya da tsaraba za su fito. Saboda haka ranar da ka yi canji, ware kuɗin abinci ka sa shi a wata 'yar jaka daban, kada ya haɗu da kuɗin tsaraba. Kasuwar Madina tana da jan hankali, mutum sai ya kashe rabin guzurinsa a kan jallabiyoyi da dabino tun bai ga Ka'aba ba.

Wajen mai canji, roƙe shi ya haɗa maka da ƙananan takardu, biyar-biyar da goma-goma. Mai shawarma da layi ya cika gabansa ba zai ji daɗin takardar 500 ba, kai ma ba za ka samu natsuwar ƙirga canjinka ba. Farashin da aka rubuta a allo ko a takardar jerin abinci ya riga ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun watan Yulin 2020, don haka abin da ka gani shi za ka biya. Za ka riƙa jin mai kanta yana tambaya, "Kash walla shabaka?" Yana nufin da tsabar kuɗi za ka biya ko da kati. Mutanen ƙasar kusan komai da kati ko waya suke biya, amma kada ka dogara da katin bankinka na gida sai ka gwada shi ya yi aiki, kuma ko ya yi, riƙe tsabar kuɗi a jikinka.

Sai ka ɗora cin abincinka a kan lokutan salla

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Tun 2021 an sassauta wa shaguna a Saudiyya batun rufewa lokacin salla, amma a kewayen masallatan biyu mafi yawansu har yanzu suna sauke ƙofa da an yi kira, ba sa buɗewa sai an sallame. Da liman ya yi sallama kuwa, dubban mutane ne ke kwararowa lokaci guda, kowa da yunwarsa. Wanda ya bi wannan ayari zai tsaya a layi mai tsawo, ya karɓi abincinsa ya rasa wurin zama, ma'aikatan kuma suna cikin gaggawa, nan ne ake musanya wa mutum abin da ya saya.

Lokaci mafi kyau na babban ci shi ne hantsi, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Gidajen shinkafa suna sauke tukunyar farko kafin Azahar, ka ga ka samu sabon dahuwa, ga wurin zama, ga sauran lokacin da za ka yi alwala ka shiga masallaci da wuri. In hakan bai samu ba, bayan sallar Azahar zauna a inda kake ka yi karatu ko zikiri na kamar minti arba'in, ka bar turmutsutsun ya wuce, sannan ka fita. Haka ma bayan Isha'i: jinkirin awa ɗaya yana sauya komai, gidajen abinci kuma suna kaiwa tsakar dare a buɗe, wasu ma ba sa rufewa.

Tsakanin Magariba da Isha'i kuwa, ina ba ka shawara da babbar murya kada ka fita neman abinci. A jadawalin salla na ƙasar awa ɗaya da rabi ne tsakaninsu, a watan azumi awa biyu. Kana ganinsa kamar lokaci ne mai yawa, amma fita daga cikin Harami kaɗai yakan ci sulusinsa, kuma a ranakun cunkoso da zarar masallaci ya cika askarawa suna tare ƙofofi. Wanda ya bar wurinsa a gaban Ka'aba ya tafi cin abinci, sai ya tsinci kansa yana bin Isha'i a kan titi. Sa dabino kaɗan a jakarka, ga Zamzam ko'ina a cikin masallaci, sun isa su kai ka. Ba a barin shiga da manyan ƙunshin abinci, amma dabino ba a hana shi.

Ranar Juma'a ka ci da safe sosai. Shaguna da yawa ba sa buɗewa sai an sauko, kai kuma kana bukatar shiga masallaci tun hantsi in kana son wuri a inuwa.

Zaɓi wurin da ya dace da ranar

A Makka, in ka fito ta Ƙofar Sarki Abdul'aziz, dogon benen agogon nan na Abraj Al Bait ne a gabanka, mai tsawon mita 601. Ƙasansa kasuwa ce mai hawa-hawa, a benayenta na sama akwai zauren abinci. Irinsa akwai a hasumiyoyin Safwa, da ginin Sharikat Makka, da Jabal Umar. Ga wanda bai taɓa shiga ba, kamar layin masu abinci ne a tashar mota, sai dai an yi masa rufi an sa na'urar sanyaya wuri: shaguna a jere a gefe, kowanne da irin girkinsa, tebura a tsakiya na kowa da kowa, babu mai zuwa ya tambaye ka abin da za ka ci. Amfaninsa kusanci ne da sanyi da tsafta da makewayi. Kuɗinsa kuma ya fi na waje, domin hayar shago a bakin Harami ba wasa ba ce, a jikin mai saye ake fanshe ta.

Ƙananan gidajen abinci suna farawa ne daga inda manyan otal-otal suka ƙare. Bi titin Ibrahim Khalil ka gangara Misfala, ko ka bi ta Ajyad, ko ka duba kewayen masaukinka in a Aziziyya ko Kudai aka sauke ku. Tafiyar minti goma ko sha biyar daga farfajiya, farashi ya fara sauka, kwano kuma ya fara girma. A Madina ma haka abin yake: cikin Markaziyya, wato unguwar otal-otal da ta kewaye masallacin Annabi (SAW), akwai tsada, amma ta wajen masallacin Bilal da titin Ƙuba akwai ƙananan wurare masu sauƙi.

Ranar da kake tare da tsoho ko mai ciwon ƙafa, ko rana ta take kuma kana son komawa La'asar, hau zauren abinci, ƙarin kuɗin ya cancanta. Ranar da kake da ƙarfi kuma kana hanyar komawa masauki, ci a waje. A wajen ma akwai alamar da ba ta ƙarya: gidan da ka ga direbobi da leburori da masu shara sun cika shi, abincinsa ba ya kwana, farashinsa kuma na mazauna gari ne.

Yadda ake yi a cikin zauren abinci

Kafin komai, ku tsaya a bakin matakala mai tafiya da kanta ku yi alkawarin wurin haɗuwa in an rabu. Benayen nan suna kama da juna, ƙofofinsu suna da yawa, mutum sai ya fita ta wata fuska daban ya rasa gabas. Kowa ya tabbatar katin masaukinsa da katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da hukumomin Saudiyya ke bayarwa, suna wuyansa.

Sannan ku zagaya sau ɗaya ba tare da kun sayi komai ba. Shagon farko da ke bakin matakala shi ya fi layi, alhali sau da yawa akwai mai irin abincinsa a lungu babu kowa. Da kun yanke shawara sai ku raba aiki: dattijo ko Hajiya su zauna su riƙe tebur, mutum ɗaya ko biyu su shiga layi da saƙon kowa. Kada a ajiye waya ko jakar fasfo a kan tebur don kama wuri. A wasu shagunan akwai layin mata daban, kuma yakan fi gajarta. Tun Disambar 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar maza da ta iyali, amma wurare da yawa sun ci gaba da tsarinsu na da. In ka ga an rubuta "a'ilat" to na masu iyali ne, "afrad" kuma na maza zalla.

Rashin Larabci ba ya hana ka ci. Kusan kowane shago yana da hotunan abinci a sama da lamba a jikinsu. Ɗauki hoton wanda kake so da wayarka, in layi ya zo kanka ka nuna, ka ɗaga yatsu adadin da kake bukata. Za a tambaye ka, "Mahalli walla safari?" Mahalli a nan za ka ci, a zuba maka a tire, safari a ƙunsa maka ka tafi da shi. A zauren abinci kuɗi ake fara biya, a ba ka rasit mai lamba, ka koma gefe ka jira. Kula da lambar in da rubutun Larabci aka buga ta: biyar ɗinsu 'yar da'ira ce mai kama da sifilin boko, sifilinsu kuma ɗigo ne kawai. In ba ka gane kiran da ake yi, tsaya kusa da kanta ka ɗaga rasit ɗinka yadda mai miƙo abinci zai gani.

Da an miƙo maka, buɗe ledar a nan take ka gwada da rasit kafin ka juya baya. Gyara a lokacin ba ya ɗaukar minti ɗaya, in ka tafi ka dawo kuwa sabon layi ne.

Sunaye biyu za ka yi ta ji a bakin alhazai. Al Baik, wanda aka fara a Jidda a 1974, soyayyar kaza yake sayarwa da dankali da burodi da wani farin haɗin tafarnuwa. Za a tambaye ka "harraƙ" ko "adi", wato mai yaji ko marar yaji, "musahhab" kuma tsokar kaza ce marar ƙashi, ta fi sauƙi ga tsofaffi da yara. Al Tazaj, wanda aka fara a Makka a 1989, gasasshiyar kaza ce a kan gawayi. Ka ɗanɗana su, suna da daɗi. Sai dai kada suyar kaza da lemon kwalba su zama abincinka na kullum har wata guda, ga tafiyar ƙasa ga zafi. Ciki yakan ɗaure, jiki ya yi nauyi. Tun Janairun 2019 doka ta wajabta rubuta adadin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a gefen kowane abinci, mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙa dubawa, ya kuma zaɓi gashi a kan suya.

In kun gama, ku tattara tire ku tashi. Za ka ga mutane tsaye da abinci a hannu suna neman wuri, cikinsu har da tsofaffi, hira kuma tana iya jira sai an koma masauki. Ba dole ba ne a ba ma'aikaci wani abu, amma masu share teburan nan baƙi ne da suka baro iyalansu a ƙasashe masu nisa kan ɗan albashi, riyal biyu ko biyar a hannunsu sadaka ce mai kyau.

Gidan shinkafa, inda guzuri ke yin albarka

A ganina nan ne ya kamata alhaji ya fi yawan ci. Za ka gane gidan da kajin da ke juyawa a cikin gilashi a bakin ƙofa, da kalmar "Bukhari" ko "Mandi" a allonsa. Shinkafar Bukhari ja-ja ce, da karas da tumatir a ciki, ita ce ta kowa da kowa kuma ta fi araha. Kabsa ana dafa ta ne cikin romon nama da kayan ƙamshi. Mandi daga Hadramaut ta Yaman ta samo asali, ana rataye naman ne a saman shinkafa cikin rami mai zafi, man yana ɗiga a kanta, shi ya sa take ƙamshin hayaƙi. Akwai kuma salig, girkin mutanen Hijaz, shinkafa ce da aka dafa da madara har ta yi laushi. Wanda haƙoransa ba su da ƙarfi ko cikinsa bai daidaita ba, ita ce tasa.

Ana yin oda ne da abu biyu, irin shinkafa da yawan kaza. "Rubu'u" kwata ne, "nus" rabi, "habba" kaza guda. Kazar kuma iri-iri ce: "shawwaya" mai juyawa a inji, "faham" ta gawayi, "mazbi" wadda aka gasa a kan duwatsu masu zafi. In ka ce "Nus shawwaya ma'a ruz Bukhari" ka gama magana. Shinkafa kaɗai ana kiran kwanonta "nafar", wato rabon mutum ɗaya, amma rabon nasu da yawa yake. Rabin kaza da shinkafarta yana ƙosar da mutum biyu masu matsakaicin ci, kaza guda tana isar huɗu, in ya so a ƙara nafar ɗaya na shinkafa. Kuskuren da sababbin zuwa ke yi shi ne kowa ya sayi nasa, a biya ninki biyu, a tashi a bar rabi. Ku haɗa kuɗi 'yan ɗaki ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe asusun, ku ci a faranti guda yadda aka saba a gida.

Naman rago ya fi kaza tsada nesa ba kusa ba, tambayi kuɗinsa tukuna: "Bikam?" In ka ga "hashi" naman ɗan raƙumi ne. Dafaffe sosai babu laifi, amma ka guji ɗanyen nonon raƙumi da ake tallarsa a wasu wuraren ziyara. Cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 tana da alaƙa da raƙuma, hukumomin lafiya kuma suna gargaɗi a kan nonon da ba a tafasa ba da naman da bai nuna ba.

Bahaushe zai ji shinkafar nan salam, domin ƙamshi suke sa mata, ba yaji ba. Maganin abin yana wurinsu: nemi "daƙƙus", markaɗen tumatir ne da barkono da ake bayarwa a 'yar roba, ko "shaɗɗa", jan barkono mai ruwa. Ɗan yajin da aka daka maka a gida ma yana aiki, in ka zuba shi a roba mai murfi. Amma kafin ka ɗaure kaya, duba jerin abubuwan da hukumar alhazai ta hana ɗauka. Goro yana ciki, kuma ana yawan nanata gargaɗi a kansa.

Yawancin gidajen nan suna da wurin zama a ƙasa, ƙananan ɗakuna masu kafet, na iyali da labule. Cire takalmi a bakin ɗakin. Za a shimfiɗa leda, ita suke kira "sufra", a ɗora faranti a kai. Da hannu ake ci, wanda yake son cokali ya ce "mil'aƙa". Ƙashi a kan ledar ake ajiye shi, in an gama a naɗe ta gaba ɗaya. Famfunan wanke hannu suna can gefe, ka wanke da sabulu kafin ci. Mura da tarin da ke bin alhazai ta hannu suke yawan yaɗuwa. A irin wannan gida sai an ci ake biya, a kanta wajen fita.

In shinkafa ta gundure ka, leƙa gidajen 'yan Pakistan da Bangaladash, suna da yawa a Misfala da bayan Markaziyya. Suna da miyar wake da suke kira "dal", da miyar kuɓewa da ta ganye, da gurasa mai zafi daga tanderu, kuma suna sa yaji. Kwanon miya ɗaya da gurasa biyu abinci ne cikakke a kan kuɗi kaɗan.

Karin kumallo

Bayan Asuba za ka ga layi a gaban wasu ƙananan shaguna masu tanderu. "Tamis" ake saya, faffaɗar gurasa da mutanen Afganistan suka shahara da ita, da "ful", dafaffen wake da aka dama da mai. Tamis ɗaya da ful ɗaya suna riƙe mutum biyu har Azahar, kuma babu abin da ya kai su araha. Akwai "kibda", soyayyar hanta, da "shakshuka", ƙwai da tumatir, da "muɗabbaƙ" mai nama da ƙwai a ciki. "Ma'asub" ayaba ce da gurasa da zuma da kirim, yana da daɗi amma mai ciwon sukari ya bar shi. Shayi da madara ka ce "shai halib" ko "karak". Da sukari yake zuwa, in ba ka so ka ce "bidun sukkar" tun kafin a zuba.

Ranar da kewar tuwo ta taso

Za ta taso, yawanci bayan mako guda. Hausawa sun daɗe a Hijaz, wasu zuriyar mahajjatan ƙasa ne da suka yi shekaru a hanya, wasu kakanninsu sun yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. A Misfala da Jarwal da Shara Mansur, da bakin masaukan alhazan Najeriya da Nijar, za ka samu mata masu tuwon shinkafa da miyar kuka, da masa da ƙosai da kunu da fura. Tsire ma ya zauna a ƙasar har ya shiga abincin mutanen Makka da Jidda, suna kiransa "siriya", da yajinsa da albasarsa. Gidajen abincin Sudan kuma suna da asida da miyar busasshiyar kuɓewa, na Misirawa suna da miyar lalo.

Matan nan 'yan'uwanmu ne masu neman halal, a yi ciniki da su cikin mutunci. Amma abincin da ake sayarwa a bakin titi ba ya ƙarƙashin duban jami'an tsafta, kuma yakan daɗe a kula cikin rana. Sayi wanda ka ga tururinsa, a farkon fitowarsa, ka guji miyar da ta huce da furar da ta yini a waje. Daga ranar 5 ga Zulhajji zuwa a gama jifa, ni dai shawarata ka tsaya kan abin da cikinka ya riga ya saba da shi. Gudawa a Mina ko Arfa, inda ake layin makewayi, tana iya hana mutum tsayuwar da ya biya miliyoyi ya zo dominta.

Abu biyu da suka shafi ibada kai tsaye

Farin haɗin tafarnuwar da ake bayarwa da kaza da shawarma ɗanye ne, warinsa yana daɗewa a baki. Hadisi ingantacce ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, a Harami kuwa kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa. In salla tana gabanka ka ce "bidun tum", a cire maka. Mai sonta ya bari sai bayan Isha'i, ya bi da aswaki.

Na biyu, in kana cikin ihrami, kula da 'yar takardar goge hannu mai laima da ake sakowa cikin ledar abinci, turare ne a jikinta. Sabulun famfon gidan abinci ma yawanci mai ƙamshi ne. Riƙe sabulunka marar ƙamshi, ana sayar da shi a kantunan magani da sunan sabulun alhazai. Batun abinci ko gahawa da aka sa wa za'afaran kuwa malamai sun yi bayani a kai dalla-dalla, tambayi malamin ayarinku.

Abin da ya rage a faranti

Ce "safari" a ba ka roba ka juye. Amma ka san cewa dafaffiyar shinkafa ba ta jure zafi: ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Ledar shinkafar da ka saya da Azahar, ka ajiye wajen takalma, ka ɗauka bayan Isha'i, ba ta ciwuwa ko da ba ta yi wari ba. In masauki za ka wuce kai tsaye kuma akwai firiji a ɗaki, sa ta ciki nan da nan. In ba haka ba, tun kafin ku sa hannu ku ɗebe abin da kuka san ya fi ƙarfinku a roba mai tsafta, ka miƙa wa mabukaci a hanya tun yana da zafi.

Ka riƙa haɗa cinka da ruwa mai yawa da "laban", wato nonon kwalba marar sukari da ke kowane kanti, da 'ya'yan itace daga manyan kantuna irin su Bin Dawood, inda ayaba da lemo da tuffa suka fi sauƙi. In ciki ya ɓaci, fara shan haɗin gishiri da sukari na kantin magani, ka je asibitin tawagarku da wuri. Lambar ma'aikatar lafiya ta ƙasar 937 ce. In kuma ka ga ƙazanta ko ruɓaɓɓen abinci a wani gida, 940 ce lambar kai ƙara ga hukumar birni, rasit ɗinka shi ne shaidarka.

Mai Umarar azumi, nasa tsarin daban ne. Gidajen abinci ba sa zaunar da kowa da rana, sai bayan La'asar suke fara sayar da na tafiya da shi. Buɗa-baki a masallatan biyu kyauta ne: a Madina ana shimfiɗa leda sahu-sahu da dabino da yogot da burodin "shuraik" da garin "duƙƙa" da Zamzam, masu shimfiɗar har riƙo hannunka suke yi ka zauna a tasu. Wannan ya isa ya kai ka ƙarshen tarawihi, babban ci sai bayanta. A goman ƙarshe, sayi sahur ɗinka kafin a shiga tahajjud ka kai ɗaki ka sa a firiji, domin tsakanin sallame tahajjud da kiran Asuba lokacin kaɗan ne, kuma a daidai lokacin ne layin kowane shago ke fitowa har kan titi.